Kyamara Mara Fim da Makalar Goggo Tabawa

Ku da kuka zo mini da wayoyinku wai kuna koyon ɗaukar fim, ku jawo bencin nan cikin inuwa, ranar Garwa ba ruwanta da ɗalibi. Wannan mai jar hular ya ce mini aikin ba wuya, dannawa ne kawai. Gaskiyarka, ɗana. Jaki ma in ya taka wayar zai ɗauka. Ni da na shiga sana'ar nan, zamanin shugaban ƙasa na farko, ɗan garin nan, kyamararmu ta fi dutsen guga nauyi. Ba ta da batir, ba ta da allon da za ka leƙa, ba ta ɗaukar murya ko ta tari. Abin da ka ɗauka yau kuwa ba za ka gan shi ba sai an kai shi Faransa an wanke ya dawo. Wata biyu kana yawo cikin gari ba ka san ko kai gwani ne ko sakarai ba.

Mu uku aka ɗauka koyon aikin, a wani ɗan ofishi na masu wayar da kan manoma, can bayan kasuwa. So ake a samu yaran ƙasa masu iya ɗaukar fim na koya wa mutane noman auduga. Akwai ni, Garba, ɗan Alhaji mai atamfa, wanda kakansa ya zo fatauci daga Kano ya manta hanyar komawa. Na gudo daga rumfar babana ne don na gaji da auna yadi. Akwai Bubakari, Bafillace ɗan akawu, mai takalmin da kake ganin fuskarka a ciki. Sai Paskal, Kirista, ɗan manomi daga duwatsun Mora. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera, ba ya ɓata ta a gaisuwa. Malaminmu wani Bafaranshe ne, Misiye Andire, wanda in rana ta buge shi yakan koma ja kamar tattasai.

Aikin farko da ya ba mu shi ne baƙar jaka. Jaka ce mai hannuwa biyu irin na riga. Ka sa kyamara da gwangwanin fim a ciki, ka zuge, ka cusa hannuwanka har gwiwa, ka ɗora fim ɗin a kan haƙoran injin da lalube, domin in haske ya taɓa shi ko na ƙiftawar ido ya mutu. Sai ka bar masa lanƙwasa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ta yi tsawo ya karce, in ta yi gajarta ya tsinke. Wata guda cur muka yi muna wannan da wani mataccen fim, gumi yana bin yatsunmu cikin jakar, Misiye Andire yana zaune gabanmu yana yi mana tambayoyi da Faransanci don ya raba mana hankali. Ranar da na fara yin daidai, da aka buɗe sai aka ga na ɗaure igiyar agogona tare da fim ɗin.

Bayan jaka sai murɗi. Kyamarar tana da hannu a gefe, kana murɗa shi kamar yadda ake yi wa agogon bango, ita kuma ta ba ka abin da bai kai rabin minti ba ta tsaya cak, ko da sarki ne yake faɗuwa daga doki a gabanka. Naɗin fim ɗaya, wanda muke kira bobin, bai cika minti uku ba, murɗi shida ya ƙare. Saboda haka kafin ka danna sai ka auna haske da wani ɗan agogo mai allura da muke kira selil, ka auna nisan mutum da tef irin na tela, ka kafa ƙafa uku, ka riƙe numfashi. Ku da kuke ɗaukar awa guda kuna zaɓar minti ɗaya, mu tun a cikin kanmu muke zaɓa.

Bubakari ne ya fara shan kunyar sana'a. Wurin leƙawa na kyamarar a gefe yake, ba daidai da idonta ba, to in ka matso kusa da mutum sai abin da kake gani ya saɓa da abin da take gani. An aike shi ya ɗauko wani babban mutum yana buɗe rijiya. Bayan wata biyu fim ya dawo, mutumin ya zo kallo da jama'arsa, aka kashe fitila. Sai ga babbar riga tana yanka ƙyalle, ga hannuwa da zobba, ba kai. Daga farko har ƙarshe ba kai. Bubakari ya lallaɓa ya tsaya kusa da ƙofa. Mutumin kuwa ya ce ba laifi, ai duk garin nan an san mai rigar.

Akwai darasi ɗaya da na raina, shi ne na kunne. Misiye Andire yakan sa mu rufe ido, ya kunna kyamarar, ya ce mu faɗa masa ko da fim a ciki ko babu. Wai in babu, kukanta sakayau yake, kamar keken ɗinki ba ƙyalle. In akwai, kukan yakan yi nauyi, da wani ɗan shi-shi-shi a ƙarƙashi. Paskal bai taɓa kuskurewa ba. Ni kuwa nakan saci kallon bakin Paskal in faɗi abin da ya faɗa. A kunnena duk ɗaya ne, ƙarfe yana kuka. Na ce a raina, mai ɗaukar hoto da ido yake ci, me zan yi da kunne?

Sai shekarar fari ta zo. Kogin Binuwai ya janye har yara suna tsallake shi da wando. Shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Pitowa, mutanen arewa suka cika gari da ƙullin kayansu. Hankalin ofis ya koma kan hatsi, bobin ya daina zuwa, ɗan abin da ake ba mu na abinci ma ya tsaya. Ni kuma girman kai ya hana ni komawa rumfar babana, don na riga na gaya masa a gaban abokansa cewa na fi ƙarfin yadi. Misiye Andire ya ce kada hannunmu ya mutu, mu riƙa fita da kyamarar ba fim, muna koyon riƙo da juyi. Bawan Allah, bai san abin da ya sake cikin gari ba.

Ranar farko na kafa ta a bakin kasuwa na murɗa, ta fara kuka, sai na ga mai tsire ya gyara hula ya ƙame. Da na gama ya miƙo mini tsinke biyu, da kunya ma, wai in yi haƙuri ba yawa. A nan shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Kafin mako biyu na ɗauki mai shayi, na ɗauki wanzami, na ɗauki mai gyaran keke shi da 'ya'yansa bakwai a jere. Muka sa wa abin suna fim ɗin iska. In an tambaye ni yaushe za a gani, sai in ce ai sai ya je Faransa ya dawo, kuma kun san jirgi. Bubakari ya taɓa kaɗan ya bari, wai tsire yana ɓata masa ciki. Paskal kuwa yakan ɗauki ƙafa uku ya bi ni fuska a ɗaure, kuma bai taɓa karɓar ko loma ba.

A haka na faɗa hannun Goggo Tabawa. Tsohuwa ce Bahaushiya, tana suyar makala, wato fankenmu na nan, a gindin wata darbejiya a unguwar Pumpumre. Ita ta kira ni da kanta. Ta ce ta ji an ce abin da ƙarfen nan ya haɗiye Faransa ake kai shi, gaskiya ne? Na ce gaskiya ne, Goggo, kuma wallahi wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa mata a watan. Sai ta ba ni labarin ɗanta Hamadu, shi kaɗai Allah ya bar mata. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya bi wani Bature ɗan kasuwa a matsayin kuku, ya ce Faransa za su, zai dawo mata da keken ɗinki. Tun daga ranar ko wasiƙa. Lissafinta shi ne, in hotonta ya je can, masu wankewa za su gani, wani zai gaya wa wani, har ya kai ga Hamadu. A ganinta Faransa ba za ta fi Marwa girma da yawa ba.

Kowace safiya sai in kafa mata kyamara, in murɗa, ita kuma ta dubi idon kyamarar ta yi ta magana hannunta yana juya makala. In kukan kyamarar ya tsaya ta yi shiru, ta tsamo mini masu zafi a takarda. Ban gaya mata cewa babu fim ba. Ban gaya mata cewa ko da akwai, ba ta ɗaukar murya ba. Abin da take faɗa kuwa ban taɓa saurara ba, hankalina yana kan kasko, ina zaɓen wadda ta fi kumbura. Sau biyu Paskal ya tare ni a hanya ya ce wannan ba irin ta mai tsire ba ce, mai tsire hularsa yake so a gani, ita ɗanta take nema. Na ce masa waye ya cutu? Ita ta samu wurin zuba magana, ni na samu karin kumallo.

Da damina ta matso, Misiye Andire ya tara mu ya ce ofis mutum ɗaya zai riƙe a matsayin mai kyamara. Ashe yana da bobin uku da ya ɓoye a firjinsa, kusa da man shanu. Kowa ɗaya, a ɗauko yadda ake shuka auduga a layi da igiya, wanda nasa ya fi kyau shi ke da aiki. Ran Juma'a ya rubuta sunayenmu a kan gwangwanayen ya sa a kabad ɗin ofis, ya ce ran Litinin a fara. Na riga na tsara nawa tsaf, murɗi shida, har na samo manomi mai kyakkyawan gemu. Na gaya wa kowa a gidanmu cewa aikin nawa ne.

Ran Asabar da safe na iso ofis na tarar Paskal ya riga ya rataya kyamara, yana jirana a ƙofa, wai mu je wurin Goggo. Na ce lallai yau yunwa ta koya maka hankali. Da muka isa, shi ya kafa ƙafa uku, ya ja tef har kan hancin tsohuwar, ya kai selil kusa da kumatunta, ya gyara idon kyamarar, sannan ya ɗauki allonmu mai takardar azurfa ya tsaya gefenta yana maido mata haske a fuska. Na yi ta dariya a ciki, na ce ashe mutumin nan in ya shiga ƙarya ya fi ni iyawa.

Na murɗa na danna. Ko numfashi uku ba a yi ba Goggo ta ɗaga hannu ta ce in tsaya. Ta sauke kasko daga wuta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta goge hannu ta shige gida. Muka yi ta jira, makala tana hucewa, raina yana ɓaci. Can ta fito da sabon ɗankwali, na sallah, ta zauna ta ɗora hannuwa a gwiwa ta ce to, bismilla. Na danna. Ta yi magana a hankali, ba ta juya komai ba, ba ta dubi kowa ba sai idon kyamarar. In murɗi ya ƙare ta jira in sake. Ni dai ina ta ƙirga yawan murɗin da zan yi kafin ta maida kaskon.

A murɗi na shida sai kukan ya canza, har ni kurman sana'a na ji. Wani abu ya yi fat-fat-fat a ciki, sannan kukan ya koma sakayau. Na ce shi ke nan, na karya wa Bature inji. Na kai hannu zan buɗe murfin in duba, sai Paskal ya doke mini hannu da ƙarfin da bai taɓa nuna mini ba.

"Kada ka buɗe. Akwai fim."

Na tambaye shi wane fim, a shekarar da ko na magani babu. Ya ce wanda aka rubuta Garba a kai. Na ja shi bayan darbejiya, ina magana ƙasa-ƙasa don kada tsohuwar ta ji, na zage shi da Hausa, na ƙara da Fillanci, na rufe da ɗan Faransancin da nake da shi. Da na gaji na ce to don Allah, in tausayinta kake ji, me ya hana ka sa naka?

"Ni na ci makalarta?"

Har yau ban samo amsar wannan tambaya ba, kuma na yi shekaru ina nema.

Ran Litinin na je gaban Misiye Andire da gwangwanina a rufe, na ce na riga na gama. Ya yi mamakin himmata. Aka aika duka uku, muka shiga jira. Da suka dawo aka kashe fitila. Na Bubakari ya fito da kawuna wannan karon, sai dai duhu kamar an ɗauka cikin rumbu. Na Paskal ya fito tsaf, ga igiya, ga layi, ga iri yana faɗawa rami. Sai nawa. Tsohuwa ta cika bango, haske kwance a fuskarta, bakinta yana motsi, ba sauti sai ƙarar majigi. Ba wanda ya yi tari. Misiye Andire ya sa aka maimaita, sannan ya ce tunda ya zo ƙasar nan bai ga hoto mai kyan wannan ba. Na fara gyara zama. Sai ya ce, amma ina audugar?

Paskal ya samu kyamara. Bubakari ya koma aikin akawu, inda takalminsa ya fi amfani. Ni kuma don kada a kore ni gaba ɗaya aka ba ni majigi da lasifika, in riƙa bin motar ofis ƙauye-ƙauye ina haska fim a jikin farin ƙyalle ina yi wa mutane bayani da baki. Wata uku ban yi wa Paskal magana ba sai ta aiki. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na san hasken da aka yaba ma nasa ne.

Na kai wa Goggo ta gani, a zauren wani maƙwabcinta. Ta kalli kanta ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya mata. Sannan ta tambaye ni ina muryar. Nan ma ban tuba ba. Na ce ai muryar ta tsaya can Faransa, ita ce za ta zagaya ta nemo shi. Ta dube ni ta ce to, Allah ya sa.

Yanzu ga inda na ƙara wa laifina gishiri. Fim ɗin auduga ba ya tara mutane, kowa ya san igiya. Sai na manna bobin Goggo a gabansa, in ta fito in maƙe murya a lasifika in yi mata magana irin ta tsofaffi. In ta ɗaga gira in ce, kai mai gonar can, shukarka kamar kaza ta yi tono! In ta girgiza kai in ce, wanda bai shuka a layi ba kada ya zo neman 'yata. Jama'a su yi ta faɗuwa don dariya. Daga garin Gidar har Mora aka san ta da tsohuwar auduga, wasu ƙauyukan in ba a fara da ita ba ba sa zama. Shugabanninmu suka yaba mini, wai na iya jan hankalin manoma. Paskal in yana cikin tafiyar yakan koma bayan mota ya zauna har a gama wannan yanki.

Bayan kusan shekara muka je Figil. Washegari Paskal zai ɗauki masu fasa farin dutse, ni kuma aka ce in haska wa ma'aikata wani abu bayan magariba. Suka zo da yawa, ko wanka wasu ba su yi ba, fari fat har gashin ido. Na sa Goggo, na maƙe murya, dariya ta tashi. Sai wani dogon mutum ya miƙe daga tsakiya, ya ratsa hasken, inuwarsa ta rufe rabin fuskarta. Aka yi ta yi masa ihu ya zauna. Bai zauna ba. Ya je har jikin ƙyallen ya tsaya, sannan ya juyo ya biyo hasken har inda nake, ya damƙi wuyan rigata.

"Uwata ba ta taɓa noman auduga ba. Me take cewa?"

Lasifikar tana hannuna. Ni na ɗauka, ni na tsaya taku uku daga gare ta, na haska ta ya fi sau ɗari, amma wallahi ko kalma ɗaya ban sani ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban ƙara ba.

Paskal ne ya fito daga bayan mota. Ya ɓamɓare hannun mutumin daga wuyana, ya ce in mayar da bobin farko, in ajiye lasifikar. Ya tsaya kusa da Hamadu, domin shi ne, yana bin bakin tsohuwar, da yake shi ya saurare ta ranar, yana faɗa masa da gajerar Hausarsa, ba ƙari ba ado. Ta ce ita ce, kada ya ga ta tsufa ya tsorata, haƙora ne kawai suka tafi. Ta ce babansa ya rasu shekara huɗu ke nan, kuma bai tafi da fushinsa ba. Ta ce ɗakinsa ta zuba gyaɗa a ciki, amma in ya zo za ta kwashe. Da aka zo murɗi na biyar Paskal ya ɗan dakata, sannan ya faɗa yadda ta faɗa:

"Hamadu, ban aike ka ka kawo komai ba. In ba ka samu ba, ka taho haka nan."

Na ƙarshe kuma ta ce in kunyar mutane yake ji, ya zo da tsakar rana lokacin da unguwa take barci. A nan fim ya ƙare, ƙyalle ya koma fari. Ma'aikatan da suka zo dariya suka watse ɗaya-ɗaya, ba wanda ya nemi a sa na auduga.

Ashe Hamadu bai taɓa ganin Faransa ba. A Duwala Baturen ya hau jirgi ya bar shi a bakin ruwa da tukwane. Ya yi ta gangarowa arewa, aiki nan aiki can, har ya tsaya a Figil yana fasa dutse, tafiyar da mota take yi daga Garwa kafin shayi ya gama narkewa a ciki. Shekara shida yana nan. Sau biyu ya zo har tashar Garwa ya koma, don ya ce keken ɗinki zai kawo, ga shi ko allura babu.

Washegari da Paskal ya gama ɗaukarsa muka saka Hamadu a bayan mota tsakanin injin wuta da majigi. Ya yi wanka sau biyu amma farin bai fita daga kunnuwansa ba. Ya roƙi direba ya ja tafiyar don mu isa da tsakar rana. Muka tarar Goggo tana kankare kasko a gindin darbejiya. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tambaye shi ko ƙasar Faransa fara ce haka. Sannan ta ɗauki matsami ta sauke masa a kafaɗa sau uku masu kyau, ta huɗun ba ta sauka ba, ta riƙe rigarsa ta zauna a ƙasa. Ni da Paskal muka koma mota muka yi kamar muna gyaran igiya.

Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai, ba kyamara. Na durƙusa na gaya mata komai, fim ɗin iska, da muryar da na ce ta tsaya Faransa, da tsohuwar auduga. Na ƙarshen ne kawai ya ba ta haushi, ta ce ita da ko gonar gyaɗa ba ta da ita. Sauran kuwa ko a jikinta.

"Shekara talatin ina sauraren mai a kasko, Garba. Kai ne za ka ruɗe ni da ƙarfe mara komai a ciki? Ranar da na ji cikinsa da kaya, ai ka ga na sake ɗankwali."

Na ce to sauran ranakun me take faɗa? Ta ce tsadar mai take gaya wa ƙarfen, wani lokaci kuma ni take zagi, tunda ta lura ba na ji. Na ce to Goggo, kin san ƙarya nake, me ya sa kike ba ni makala?

"Yunwa kake ji. Kuma tsawonku ɗaya da shi."

Shekara uku na ƙara a kan majigi kafin kyamara ta zo hannuna, lokacin da aka ɗauke Paskal zuwa Yawunde. Na riƙe ta fiye da shekara ashirin, na ɗauki auduga har na tsane ta, na ɗauki ƙwallo, na ɗauki bukukuwa da buɗe makarantu. Kafin in danna, kowane lokaci, sai na kara kunnena a jikinta. In mutum yana magana a gabanta kuma nakan saurara, ko da na san muryar ba za ta shiga ba.

To, ke mai farin mayafi, tun da na fara kike riƙe da wayar nan a fuskata, hannunki ko rawa bai yi ba, na yaba. Yanzu kife ta a kan benci. Ba leƙe. Faɗa mini, me Goggo ta zuba a ɗakin ɗanta?